Yadda Za Ki Kula Da Ciwon Kan Da Ke Barazana Ga Gani

Ƙwaƙwalwa da laka suna zaune ne a cikin wani ruwa garai-garai da ke kare su, kuma idan matsin wannan ruwa ya hau alhali babu ƙari a ƙwaƙwalwa ko wani dalili bayyananne, shi ne ciwon da likitoci ke kira IIH. Ya fi kama mata masu jiki da ke shekarun haihuwa, musamman wadda ta ƙara ƙiba cikin ɗan lokaci.

Ki fara da lura da yanayin ciwon kan. Yakan zo kusan kullum, ya tsananta idan kin kwanta, ko kin yi tari, ko kin sunkuya. Wasu na jin shuu-shuu a kunne yana bin bugun zuciya, wasu kuma da sun miƙe daga zaune sai duhu ya rufe musu ido na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya washe. Wannan duhun ne ya fi tayar mini da hankali, domin yakan nuna cewa jijiyar gani ta kumbura, kuma ganin gefe-gefe yana iya tafiya a hankali mai shi ba ta ankara ba.

Saboda haka ki nemi likitan ido ya ɗiga miki magani ya leƙa can cikin idon. Idan ya ga kumburi, za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI, sannan a yi allura a gadon baya a auna matsin ruwan. Idan ruwan ya haura santimita 25 a bututun awo, matsin ya wuce ƙa'ida. Ki tafi da duk magungunan da kike sha, domin magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su doxycycline da tetracycline, da magungunan ƙurajen fuska masu sinadarin bitamin A suna iya jawo matsalar.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne acetazolamide, wanda ke rage yawan ruwan. Yakan sa a ji kamar ana tsira allura a yatsu, lemon kwalba kuma ya canza ɗanɗano, amma kada ki daina sai da izinin likita, kuma ki sanar da shi idan kina da juna biyu. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana taimakawa ƙwarai.

Ki guji shan farasitamol kullum, domin shansa kwana 15 ko fiye a wata yana haifar da nasa ciwon kan. Ko da kai ya lafa, ki ci gaba da zuwa awon ido, tunda sauƙin ciwo ba shaida ba ce cewa matsin ya sauka. Idan gani ya dushe farat ɗaya ko kika fara ganin abu biyu-biyu, ki je asibiti a ranar, domin wani lokaci sai an yi tiyata an janye ruwan kafin a ceci idon.