Idan Ƙudan Zuma Suka Yi Cincirindo a Bakin Amya

Da bazara, musamman da yamma, za ka ga ƙudan zuma sun dunƙule a ƙofar amya. Zafi ne ya koro su, domin ɗakin 'ya'yansu yana buƙatar zafin kusan digiri 35, in ya wuce haka sosai saƙa takan yi laushi ta zube.

Kada ka yi musu hayaƙi. Mayar da amyar ƙarƙashin inuwa, ka faɗaɗa ƙofar, sannan ka ɗaga murfin akwatin da siraran tsinke biyu, ka rufe giɓin da raga saboda tururuwa. Ajiye kaskon ruwa kusa, da tsakuwa a ciki don kada su nitse.

In sun ci gaba bayan gari ya yi sanyi, cunkoso ne: ɗebi zuma ko ka raba su, kafin su ƙaura.