Yadda za ka kwatanta sababbin motocin iyali kafin ka zuba kuɗinka

In dai salun kake nema ta iyali, wato irin su Toyota Camry da Honda Accord da Hyundai Sonata da Kia K5, to abu na farko da zan roƙe ka shi ne ranar da za ka je dubawa kar ka fara buɗe ƙofar direba. Ka buɗe ta baya. Na san da wuya, ido na ganin sitiyari da wannan ƙaton sikirin ɗin zuciya ta tafi can, kuma dila ya san haka shi ya sa yake saurin miƙo maka makulli. Amma motar iyali ai a baya ake sanin ta, can ne yara za su zauna, can ne mahaifiyarka za ta shiga da ciwon gwiwarta, can ne za a yi barci a doguwar tafiya.

To ga yadda nake yi. Ka zauna a gaba ka gyara kujerar direba daidai tsawonka kamar za ka tuƙa, sannan ka fito ka zagaya ka zauna a bayanta. In gwiwarka na taɓa kujerar to magana ta ƙare, ko da motar ta kai me kyau. Ka jingina sosai ka ga ko kanka na gogar rufi, don motocin yanzu da yawa sun koma yin rufi mai gangarowa ta baya saboda ta yi kama da motar tsere kuma iska ta riƙa zamewa a jikinta, a hoto abin sha'awa ne amma mai tsawo shi ke biyan kuɗin wannan kyan da wuyansa. Ni akwai wata da na taɓa gwadawa na riga na gama ƙulla ta a raina, na ɗauko ƙaramar 'yata zan sa ta a kujerarta ta yara sai da na sunkuya na karkace kamar mai leƙa ƙarƙashin gado, duk da haka kanta ya ɗan bugi saman ƙofar, ta kalle ni ta ɓata fuska, nan take na lissafa sau nawa zan yi wannan sunkuyon a shekara biyar, safe da yamma, sai na ji motar ta fita daga raina. Saboda haka in kana da kujerar yara ka tafi da ita, ka nemi ƙarafunan maƙalawa da ke cikin tsagar kujera, waɗanda ake kira ISOFIX, a Amurka kuma LATCH, ka ɗaura ta da hannunka ka gani. Ka duba ko akwai ramin iskar AC a baya da wurin cajin waya, don a wasu motocin sai ka hau mataki na sama ake ba ka su. Ka zauna a tsakiya ma na minti ɗaya, wannan tudun da ke ƙasa shi ke nuna ko mutum uku za su zauna lafiya ko kuwa biyu da rabi ne.

Sai but. A takardun Amurka Accord ta yanzu na da kusan lita 473, Camry kuma kusan 428, amma lamba kaɗai ba ta isa ba don bakin but ɗin ma magana ne, wata cikinta faɗi amma bakinta ƙarami, keken jariri ba ya shiga sai da dabara. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ga ko akwai safaya taya, wasu musamman masu batir sun cire ta sun sa 'yar kwalbar liƙi da famfo, in kana yawan tafiya mai nisa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu maganar kuɗi, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure, wallahi har masu ilimi. Kuɗin da aka rubuta a gilashi ba shi ne kuɗin motar ba. Kuɗin mota shi ne abin da ka biya, ka haɗa da man da za ta sha da inshora da juye da taya da gyara na tsawon shekarun da za ka riƙe ta, sannan ka cire abin da za a saye ta ranar da za ka rabu da ita. Ka ɗauki takarda ka ja layi uku ko huɗu, kowace mota da nata, ka yi lissafin shekara biyar. Bari in nuna maka da mai kawai. A gwajin hukumar muhalli ta Amurka, Accord mai injin 1.5 turbo na shan kusan lita 7.4 a kilomita 100, mai haɗa fetur da batir ɗin kuma, wato haibirid, mafi tsimin cikinsu na shan kusan 4.9. In kana yin kilomita 20,000 a shekara, ta farko lita 1,480 kenan, ta biyu 980, bambanci lita 500 duk shekara, a shekara biyar 2,500. Ka ninka da kuɗin lita a inda kake sai ka ga ko ƙarin kuɗin haibirid ɗin zai dawo ko ba zai dawo ba. Mai yawo cikin gari da cunkoso shi ya fi morar ta don a tsaya-tafi ne batirin ke aiki sosai, duk taka birki yana mayar masa da caji, wanda kuma kullum yana kan babbar hanya da gudu ɗaya ribarsa ba ta kai haka ba.

Toyota ma ai ta riga ta yanke shawara, Camry ta 2025 a Amurka duk haibirid ce, injin 2.5 da ƙarfin doki 225, mai jan ƙafa huɗu 232, an yi sallama da injin V6 ɗin nan mai silinda shida da mutane ke so, kuma mafi tsiminta na sauka har kusan lita 4.6. A wasu ƙasashen har yanzu ana samun mai fetur zalla, don haka kar ka ɗauki abin da ka karanta na wata ƙasa ka ɗora wa motar da ke gabanka, suna ɗaya ne amma inji da kayan ciki da yawan jakar iska na iya bambanta, ka nemi takardar wannan motar takamaimai.

Garanti ma haka, kowace ƙasa da nata, amma misalin Amurka na nuna yadda kamfanonin ke fafatawa. Toyota da Honda na ba da shekara 3 ko mil 36,000 na mota gaba ɗaya, inji da giya shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai da Kia kuwa shekara 5 na gaba ɗaya, inji da giya har shekara 10 ko mil 100,000, sai dai wannan goman na wanda ya fara saye ne, in ka sayar mai saye na biyu ba ya samun ta cikakkiya. Ka gane abin da ke faruwa ko? 'Yan Koriya na ba ka kaya da yawa da doguwar garanti a kuɗi mai sauƙi, 'yan Japan kuma na riƙe daraja in an zo sayarwa. Don haka in kai mai riƙe mota ne har ta tsufa a hannunka, Sonata ko K5 na iya fi maka, in kuma duk shekara uku huɗu kake canzawa to faɗuwar daraja ce babbar asararka kuma a nan Camry da Accord sun daɗe suna gaba.

Wani tarkon shi ne kwatanta mota da mota ba a mataki ɗaya ba. Camry kaɗai akwai LE, SE, XLE, XSE, ka ga in ka ɗauki ƙaramar wannan ka gwada da babbar waccan ba ka yi komai ba. Ka rubuta abubuwa biyar da ba za ka iya haƙura da su ba, misali birkin da ke kama kansa in za a yi karo, na'urar da ke gargaɗi in akwai mota a gefen da madubi ba ya gani, kyamarar baya, iskar baya, haɗa waya da sikirin, sai ka nemi mataki mafi araha a kowace mota da ke da duka biyar ɗin, waɗannan su za ka gwada. Sau da yawa na tsakiya shi ne mai albarka, na can sama kuɗin fata da rufin gilashi kake biya.

Kan tsaro ba sai na ja ba, ka duba sakamakon ƙungiyoyin da ke gwajin karon motoci, Euro NCAP ta Turai ko IIHS ta Amurka, na wannan shekarar motar. Abu ɗaya dai, tun 2022 IIHS ta fara sa mutum-mutumin gwaji a kujerar baya a gwajinta na karon gaba, kuma motoci da dama da ke da suna mai kyau sun sha kunya a nan, to mai iyali wannan layin zai nema.

Sai kyau. Ba zan ce maka kyau ba komai ba ne, ƙarya ne, motar da za ka riƙa gani kullum da safe dole ta kwanta maka a rai. Kuma kyau na sayar da mota, Kia shaida ce, a 2006 suka ɗauko Peter Schreyer wanda ya yi suna a Audi, ya zo ya ba motocinsu fuska guda, Optima da ta fito wajen 2010 ta sa mutanen da ba sa ko kallon Kia suka fara waiwaye, ita ce yanzu ake kira K5. Sonata kuma da aka yi wa kwaskwarima a 2023 ta zo da siririyar fitila da ta ratsa gabanta daga gefe zuwa gefe, da dare ba ka ɓata ta. Accord ta 2023 ta bi ta ɗaya hanyar, shiru-shiru, layi miƙaƙƙe, wasu na cewa ta cika sanyi, ni kuwa ina ganin irin wannan ce ke tsufa da mutunci, mai yawan zane da lanƙwasa takan burge shekara biyu sannan ta fara nuna shekarunta. Amma wannan ra'ayina ne, idonka naka ne. Abin da nake so ka lura shi ne kowane ado da kuɗinsa a ɓoye. Manyan rim na inci 19 sun fi kyau nesa ba kusa ba, amma tayarsu siririya ce, kowane rami sai ka ji shi a ƙugu, ta fi saurin fashewa kuma ta fi tsada, har mai ma tana ƙara sha, a Accord haibirid ɗin nan mai manyan rim na shan kusan lita 5.3 maimakon 4.9, inji ɗaya fa. Dogayen fitilun nan in ɗaya ta fashe ba ƙwai ake canzawa ba, gaba ɗayanta ake saye. Bamba mai saukowa ƙasa tana gogar duk wani tudu. A ciki kuma ka gwada rage AC da ƙara sauti ba tare da ka kalla ba, in sai ka shiga sikirin ka danna sau uku to ka tuna kana tuƙi ne da yara a baya suna kiran sunanka, maɓallin da hannu ke laluba ya fi min kowane ƙyalli. Baƙin roba mai sheƙi da suke sawa a tsakiya kuwa sati ɗaya ya isa yatsun yara su gama da shi.

Matsayin motar a kasuwa shi ne abin da yawanci ba a tambaya, alhali shi ke nuna yadda za ka kwana da ita bayan shekara bakwai. Kasuwar salun ta ragu sosai, jama'a sun koma jif, a Amurka tun 2017 RAV4, jif ɗin Toyota, ta wuce Camry a ciniki duk da cewa Camry ta fi shekara ashirin tana kan gaba a ƙananan motoci. Ford ta daina Fusion a 2020, Mazda6 ta bar kasuwar Amurka bayan 2021, Passat ta bi ta a 2022, Chevrolet ta rufe Malibu a 2024, Subaru Legacy a 2025. Wannan yana da fuska biyu. Waɗanda suka rage su ne masu ƙarfi kuma suna zuba kaya don su riƙe mutanensu, sannan da yake idon kowa na kan jif, mai neman salun yakan samu bakin ciniki, ga shi ta fi jif mai girmanta tsimin mai da kama hanya a kwana saboda nauyinta na ƙasa. Ɗaya fuskar kuma, in ka ji an karya kuɗin wata sosai ka tambaya ko ana shirin daina ta ne ko sabuwar ƙira na hanya, don ranar da sabuwa ta fito taka ta zama tsohon yayi ko da ledar kujera ba ka cire ba. Accord tun 1976 ake yin ta, Camry tun farkon shekarun 1980, Sonata tun 1985, wannan daɗewar tana nufin makanikai sun san su kuma kayan gyara ba sa wahala. Ga kuma sababbin shiga, masu lantarki irin su Tesla Model 3 da BYD Seal da kamfanonin Chaina da ke zuwa da kaya cike a kuɗi ƙasa, ban ce ka guje su ba, amma ka tambayi inda za a yi maka gyara, kwana nawa fitila ko gilashi ke ɗauka kafin ya iso, da kuma inda za ka yi caji in mai lantarki ce.

In ka tace sun rage biyu, ka tuƙa su rana ɗaya a hanya ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, da iyalin a ciki. Ka kashe rediyo ka saurari ƙarar taya da iska, ka taka ta sosai sau ɗaya kamar za ka wuce babbar mota ka ji yadda giyar ke amsawa, masu CVT, wato giyar otomatik marar matakai, wasu kan yi gurnani kafin gudun ya zo, ka bi ta hanya mara kyau da gangan, ka yi fakin da baya ka ga ko kana ganin bayanka ko gilashin ya tsuke. Da kun sauka, kafin dila ya buɗe baki, ka juya ka tambayi waɗanda suka zauna a baya wacce suka fi jin daɗi.