Yadda Ake Shirya Kwale-kwale Don Kada Ya Nutse Ko Ya Cika Da Ruwa

Duk wanda ya saba fito a Binuwai ta wajen Garwa, ko a Logon da Shari tsakanin Kuseri da Njamena, ya san cewa kwale-kwale ba ya jiran ya fashe kafin ya cika da ruwa. Iskar farkon damina tana iya tayar da igiyar ruwa ta tsallako baki sau biyu ko uku, dorina tana iya dukan jirgi daga ƙasa, a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru kuma, inda aka kammala madatsa a 1982, akwai kututtukan itatuwan da ruwa ya shanye, waɗanda ba a ganin su sai katako ya hau kansu. Idan haka ta faru, abin da ya kamata matuƙi ya riga ya tabbatar shi ne jirginsa zai tsaya a saman ruwa yana cike, bai kife ba, bai kuma tafi ƙasa da injinsa ba. Jirgin da ya cika amma yana yawo a sama shi ne abin riƙo mafi girma da fasinjoji za su samu, kuma masu kawo ɗauki sun fi hango shi daga nesa a kan kawunan mutanen da suka watse.

A ƙasashen da sana'ar ƙera jirage ta yi nisa, doka ce ke tilasta wannan. A Amurka, tun 1978, ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba masu inji a baya dole ne a ƙera su da abin da zai riƙe su a miƙe ko sun cika. Jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata rijiyoyin man fetur a tsakiyar teku suna ɗauke da jakunkuna a naɗe a jikinsu, waɗanda tukunyar iskar gas ke hurawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan idan jirgin ya sauka a ruwa, akwai kuma irinsu da ake sa wa jiragen ruwa na shaƙatawa. Waɗannan kaya suna da tsada, suna buƙatar gwani ya riƙa duba su, kuma a ganina ba su dace da jirgin da ke kwana a rana a bakin kogi ba. Hikimar da ke cikinsu dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin masunta sun daɗe suna kwanciya a kan babban gora suna jefa koma, 'yan ƙabilar Buduma kuma a Tafkin Chadi suna tsallake ruwa a kan wani ice mai matuƙar rashin nauyi. Iskar da aka kulle a cikin mazubi ita ce ke ɗaukar nauyi, ko mazubin gora ne ko jarka.

Lissafin yana da sauƙi, kuma shi ya kamata a fara da shi kafin a sayi komai. Lita ɗaya ta ruwan kogi kilo ɗaya ce, saboda haka mazubin da ke riƙe lita ɗaya ta iska yana ɗaga kilo ɗaya idan ya nutse gaba ɗaya, a cire nauyin mazubin kansa. Jarka mai lita 20, wadda a nan muka fi kira bido, tana ɗaga wajen kilo 19. Duron roba mai lita 200 yana ɗaga wajen kilo 190. Robobin ruwan sha masu lita ɗaya da rabi guda 14 suna yin aikin jarka ɗaya.

Sai a koma kan abin da za a ɗaga, a nan ne kuma mutane suka fi kuskure, domin suna tsammanin sai an ɗauki nauyin jirgi da mutane da kaya duka. Abu yana rage nauyi a cikin ruwa gwargwadon ruwan da ya ture. Ƙarfe kashi ɗaya cikin takwas kawai yake ragewa, wato jirgin ƙarfe mai kilo 500 yana nan da kimanin kilo 435 a ƙarƙashin ruwa. Jirgin faiba yana komawa wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Katako kuwa yawanci yana ɗaukar kansa, sai dai tsohon katakon maɗaci da ya sha ruwa shekara da shekaru, ga ƙusoshi, ga kwalta, ga facin kwano, ba lallai ne ya rage wani ƙarfin ɗaukar wani abu ba. Shi ya sa mai jirgin katako zai fara da cire komai daga ciki, ya cika shi da ruwa a wuri marar zurfi, ya ga ko bakinsa zai tsaya a sama. Idan ya tsaya, ba a ƙidaya gangar jikin jirgin a lissafi. Idan ya kwanta a ƙasa, sai a riƙa ɗaura jarkoki ɗaya bayan ɗaya har ya taso, a rubuta adadinsu daban.

Inji shi ne babban mai jan jirgi ƙasa. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ya cika mashigunmu, yana da kimanin kilo 70, mai doki 15 kuma bai kai kilo 40 ba. A ƙidaya nauyinsa cikakke ba ragi, a haɗa da batir da anga da sarƙa da duk wani ƙarfe da ke manne da jirgin. Mutumin da ke cikin ruwa yana riƙe da gefen jirgi a ware masa kilo 15, wanda shi ne ƙarfin rigar ruwa mai kyau da aka rubuta wa 150N. Yara da tsofaffi da mata masu goyo, waɗanda za a bari a zaune a ciki ruwa ya kai musu ƙugu ko ƙirji, a ware wa kowanne rabin nauyin jikinsa. Misali, jirgin katako mai injin doki 40 da mutum goma majiya ƙarfi: inji kilo 70, sauran ƙarafa 30, mutane 150, jimla 250. A ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda jarkar da za ta iya hujewa da wadda ba za ta nutse duka ba, ya zama wajen 330, wato jarka 18. Wanda ya ga adadin ya yi masa yawa ya tuna cewa duro guda yana maye gurbin goma daga ciki.

Ba a sa kayan fatauci a wannan lissafi. Buhun masara, gishiri, kanwa, siminti da babur ba za a iya ɗaukar musu jarkoki ba, don haka a loda su yadda mutum biyu za su iya ture su cikin ruwa nan take, kuma kada a ɗaure su da jikin jirgi da ƙullin da sai wuƙa.

Wurin da aka ɗaura jarkokin ya fi yawansu muhimmanci. Na taɓa tsayawa a wani mashigi a bakin tafkin Lagdo ranar kasuwa, iska ta taso, wani jirgi da ke dab da isowa ya sha ruwa ta baya. Akwai jarkoki fanko fiye da goma a cikinsa, na wani mai sayar da mai, amma zube suke a kan kaya. Da ruwa ya shiga, su ne suka fara ficewa, rawaya-rawaya, iska ta kora su cikin tafki kamar garken agwagi, jirgin kuma ya ɗaga goshi sama inji ya ja shi ƙasa. Allah Ya taƙaita, wurin bai fi ƙirji ba, amma na ga wani dattijo ya fito yana riƙe da takalmi ƙafa ɗaya yana kallon jarkokin da suka yi nisa. Abin da ba a ɗaure ba kansa kawai yake ceta.

Kuskure na biyu shi ne jera su a ƙasan jirgi a danne da katako. Idan abin da ke ɗagawa yana ƙasa, nauyin inji da na mutane kuma yana sama, jirgin da ya cika zai nemi juyawa ya kifa ciki, kamar yadda ƙwarya ke yi idan an danna ta. Daidai shi ne a jera su a gefe biyu, adadi ɗaya dama da hagu, a sama dab da bakin jirgi ko a ƙarƙashin bencina, yadda idan gefe ɗaya ya fara karkata jarkokin wannan gefen za su nutse su turo shi sama. Kaso mafi tsoka, aƙalla abin da ya kai nauyin inji da batir, ya kasance a baya kusa da katakon da injin ke rataye, a raba shi biyu a kusurwoyi. Saura a rarraba a tsakiya da goshi.

Game da ɗauri, a tuna cewa ƙarfin zai zo ne daga ƙasa zuwa sama. Benci da aka tura wa jarka huɗu a ƙarƙashi zai fuskanci turi na kusan kilo 80, kuma bencin da ƙusa biyu ke riƙe da shi zai tumɓuke ya tafi tare da su. A ɗaure bencin da noti, ko a zarga igiyar a katakan da ke tsaye a cikin jirgi kamar haƙarƙari. Kada a dogara da hannun jarka kaɗai, domin roba ce da rana ta gasa. A zagaye cikinta da igiyar leda mai kauri sau biyu, tsaye da kwance, kowace jarka da nata ƙulli, ta yadda tsinkewar igiya ɗaya ba za ta saki sahu guda ba. Tsohuwar koma tana da amfani a nan: a cusa robobin ruwa a ciki ko a buhu, a ɗinke baki, a tura a lungunan goshi da baya inda jarka ba ta shiga. Irin wannan ƙunshi yana da fa'idar da duro ba shi da ita, domin huji ɗaya roba ɗaya kawai yake kashewa.

Kafin a ɗaura kowace jarka a wanke ta, a bar ta ta bushe, a sa leda a baki a murɗa murfi sosai, a danna ta cikin ruwa a ga ko za ta yi kumfa. A shafa mata fenti ko wata alama don yaran jirgi su san ba ta zuba mai ko ruwan sha ba ce, domin na lura cewa ta wannan hanya jarkokin ceto suka fi ɓacewa, a ari ɗaya yau a ari ɗaya gobe. Soson katifa ba ya cikin abin da ake amfani da shi ko kaɗan, tunda shan ruwa yake yi ya ƙara nauyi. Farin abin nan marar nauyi da ake samu a kwalin firji da talabijin yana ɗagawa sosai, amma fetur yana narkar da shi, saboda haka a naɗe shi da leda mai kauri a nisanta shi da tankin mai. Tiyub ɗin mota yana aiki, sai dai a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Kuseri ke wuce digiri 40, iskar ciki tana kumbura, don haka kada a cika shi tam, a kuma ɓoye shi daga rana da ƙugiya.

Bayan an gama sai gwaji, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi rana marar iska da wuri mai tsandauri wanda bai wuce ƙugu ba. A cire inji da tankin mai, a ɗora buhunan yashi masu nauyin injin a mazauninsa, sannan a karkata jirgin ya cika. A duba abu uku a natse: ko baki ya tsaya a saman ruwa a kowane ɓangare, ko baya ya fi goshi nutsewa ƙwarai, da kuma yadda yake yi idan mutum uku suka rataya a gefe ɗaya. Inda ya yi ƙasa a ƙara jarka. Daga nan a gwada kwarfe ruwan da bokiti, domin idan bakin jirgi bai ɗago da kamar taƙi ɗaya ba, abin da aka zubar zai riƙa dawowa. Bokitin nan a ɗaure shi da doguwar igiya, haka ma filafili guda, a kuma zagaye jirgin ta waje da igiya mai lanƙwasa-lanƙwasa wadda hannu zai iya kamawa, tunda jiƙaƙƙen katako santsi gare shi.

Ranar da abin ya auku, matuƙi ya kashe inji, ya hana kowa miƙewa tsaye, domin ruwan da ke cikin jirgi yana bin duk gefen da aka karkata ya ƙara masa nauyi. A zubar da kaya masu nauyi, waɗanda suka iya ruwa su sauka a hankali gefe biyu su riƙe igiya, a fuskantar da goshi wajen igiyar ruwa, mutum ɗaya ko biyu su yi ta kwarfa. Kada kowa ya saki jirgi ya nufi gaɓa sai tana kusa ƙwarai, musamman a watan Oktoba da Nuwamba da Logon da Shari ke cika suna gudu. Duk wannan shiri bai ɗauke wa kowa rigar ruwa ba, musamman yara, domin wanda ya faɗa nesa da jirgi ba zai amfana da jarkokin da ke cikinsa ba.

Mota kuwa babu wata jarka da za ta cece ta. Direban da ya iso mashigin mayo, wato kogin da ke kawo ruwa da damina, a Marwa, Kaliyawo ne ko Tsanaga, ya tarar ruwa na gudu a kan hanya, ya sani cewa zurfin santimita 30 yana iya ɗauke ƙaramar mota, 60 kuma yana tafiya da mafi yawan motoci. Idan mota ta faɗa ruwa mai zurfi tana yawo na kimanin minti ɗaya, kuma ƙofa ba ta buɗuwa saboda matsin ruwa. A wannan ɗan lokaci a kwance bel, a sauke gilashi ko a fasa na gefe, a fara fitar da yara, babba kafin ƙarami, sannan a bi su ta tagar.

A farkon kowace damina a kwance jarkokin jirgi duka a sake danna su cikin ruwa. Wadda ta yi fari-fari ko ta fara tsagewa a kusurwa idan an matsa ta da babban yatsa a canza ta, igiyar da ke zubar da gari idan an murza ta ita ma a sake sabuwa.