Yadda Ake Tafiyar da Muhawara Kan Manyan Ƙungiyoyin da Kofi Ya Kuɓuce Musu

A fadar unguwarmu ta Bukoki a nan Yamai, da wuya mako ya wuce ba a tayar da gardamar wace ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta fi girma cikin waɗanda ba su ɗaga kofi ba. Na daɗe ina sauraronta, kuma na lura cewa sau da yawa akan shanye shayi na uku ba a tsayar da magana ba, domin kowa yana amsa tambayar da ba ita ɗan'uwansa ya yi ba. Ina ganin wannan muhawara ta cancanci a yi ta da tsari, saboda a cikinta ne ake raya sunan ƴan wasan da suka yi aiki mai kyau amma ba a rataya musu lambar zinariya ba.

Kafin kowa ya ambaci gwaninsa, a fara daidaitawa kan abin da ake nufi da ƙungiya. Ƙasar Holan ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya sau uku, a 1974 da 1978 da 2010, ba ta ci ko ɗaya ba, amma ƴan wasan da Iniesta na Sifen ya zura wa ƙwallo a 2010 ba su ne na zamanin Cruyff ba, kuma salon wasansu ma bai yi kama da juna ba. Birazil kuwa tana da kofin duniya biyar, duk da haka ƴan wasanta na 1982 suna da gurbi a wannan zance tunda su a karan kansu sun koma gida hannu rabbana. Saboda haka a ambaci ƙasa tare da shekara. A kuma faɗi kofin da ake magana a kansa, domin Hangari ta zamanin Puskás ta ci zinariyar wasannin Olamfik a 1952, kuma wanda bai san haka ba zai iya cewa ba ta taɓa cin komai ba.

Idan an gama da wannan, sai mai kare kowace ƙungiya ya kawo abin da ta yi kafin ranar da ta faɗi, da kuma su wa ta doke. A nan ne mai kare Hangari ta 1954 yake da kaya masu nauyi. Ta shafe shekara huɗu ba a ci ta ba. A watan Nuwamba na 1953 ta je filin Wembley ta doke Ingila da ci 6 da 3, sannan da Ingila ta kai mata ziyara a Budapest bayan wata shida ta ƙara mata da ci 7 da 1. A gasar kofin duniya da aka yi a Suwizalan ta ci Koriya ta Kudu 9 da nema, ta fitar da Birazil da ci 4 da 2, ta kuma fitar da Urugwai, wadda take riƙe da kofin a lokacin, da ci 4 da 2 bayan ƙarin lokaci. Ƙwallo 27 ta zura a wasa biyar, 11 daga ciki na Kocsis ne. Amma mai gaskiya a muhawara yakan faɗi abin da ke rage wa hujjarsa ƙarfi tun kafin abokin gardama ya tono shi. Cin 8 da 3 da Hangari ta yi wa Jamus ta Yamma a wasan rukuni ba abin dogaro ba ne sosai, domin kocin Jamus bai sa yawancin manyan ƴan wasansa ba a ranar. Duk wanda ya ɓoye wannan, idan aka bankaɗo shi, sauran maganganunsa ma sun zube.

Daga nan sai a duba yadda kofin ya kuɓuce, kuma a ganina wannan ne wurin da ya kamata a fi daɗewa. A wasan ƙarshe da Jamus ta Yamma, Hangari ta shiga gaba da ci biyu cikin minti takwas na farko a birnin Bern ranar 4 ga Yuli 1954, ana ruwan sama, Puskás yana wasa da ciwon idon sawu da ya samu a wasan rukuni, amma aka farke su aka kuma ƙara musu ɗaya, sannan ƙwallon da Puskás ya zura a kusa da tashi aka ce satar gida ce. An doke ta a fili cikin minti casa'in. Kwaddebuwa ta 2012 kuwa labarinta dabam ne. Ta buga wasa shida a gasar kofin Afirka ba tare da an zura mata ƙwallo ko ɗaya ba, Drogba ya ɓarar da fanareti ana cikin wasan ƙarshe a Libreville, aka tashi babu ci, sannan Zambiya ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida da ci 8 da 7. Wannan shi ne karo na biyu da hakan ta same su, domin a 2006 ma ta hanyar fanareti Masar ta doke su a Alƙahira. Mai adawa zai ce Yaya Touré da Kolo da Gervinho sun ɗaga kofin a 2015, don haka ba a cikin marasa kofi suke ba. Mai karewa zai amsa cewa Drogba ya riga ya yi ritaya daga buga wa ƙasarsa a lokacin, kuma ƙungiyar da ake magana a kanta tasa ce. Duka maganganun biyu suna da tushe, kuma wajibi ne fada ta zaɓi ɗaya kafin a ci gaba. Ina roƙon kada a manta da Zambiya a wannan zance, domin a gaɓar tekun Gabon ɗin nan ne jirgin ƴan wasanta ya faɗi a watan Afrilu na 1993, kuma duk wanda ya kira nasararta sa'a kawai bai yi mata adalci ba.

Akwai kuma wani nau'i na uku da ɗan yayata mai karatu a Amurka ya jawo hankalina gare shi, wato ƙungiyar da ba a doke ta ba amma tsarin gasa ya hana ta dama. A wasan ƙwallon jami'o'in Amurka, wanda ake ɗaukar ƙwallon da hannu, an daɗe ana fitar da zakara ta hanyar ƙuri'ar ƴan jarida da ta masu horarwa. A 1994 jami'ar Penn State ta ci wasanninta 12 duka, amma aka ba Nebraska kambun ba tare da sun haɗu ba. A 2004, lokacin da tsarin yake zaɓar ƙungiya biyu kacal don wasan ƙarshe, Auburn ta ci wasa 13 ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, kuma ba a kira ta ba. Irin waɗannan ba a auna su da mudu ɗaya da wadda ta shiga fili aka doke ta.

Shawarata mafi muhimmanci ita ce a kalli wasan da aka faɗi tun daga farko har ƙarshe, tunda yanzu tsofaffin wasanni da yawa suna kan YouTube, a daina dogara da guntun bidiyo na minti uku. Guntun bidiyo shi ya sa matasanmu da yawa suke ɗora Birazil ta 1982 a kan kowa, domin abin da Zico da Sócrates da Falcão suke yi da ƙwallo yana ɗauke hankali. Amma wanda ya zauna ya kalli wasansu da Italiya na ranar 5 ga Yuli a Barcelona zai ga cewa kunnen doki kaɗai suke buƙata su wuce, sun farke sau biyu, duk da haka ba su iya rufe bayansu ba, har Cerezo ya miƙa ƙwallo a tsakiyar gidansu Rossi ya tsince ta ya ci ta biyu daga cikin ukun da ya zura. Ina ƙaunar wannan ƙungiya ƙwarai, amma ba ta kai ko wasan kusa da na ƙarshe ba, kuma ba zan sa ta gaba da Hangari ba.

Mai kare Holan ta 1974 ya fi dacewa ya jingina da abin da ta bari a baya. Ƙwallo ɗaya aka zura mata kafin wasan ƙarshe, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gidansu, kuma a Munich ta ci fanareti kafin ƙafar Bajamushe ta taɓa ƙwallo, sannan ta faɗi da ci 2 da 1. Salon da kocinta Rinus Michels ya koyar, inda ɗan baya yake hawa gaba wani ya rufe masa gurbi, shi Cruyff ya ci gaba da shi a Barcelona lokacin da ya zama koci daga 1988, kuma Guardiola a hannunsa ya yi wasa.

Game da zaman kansa, a naɗa mutum ɗaya mai waya wanda aikinsa tabbatar da shekara da yawan ci, kuma idan ya karanta a karɓa. A bar dattijan da suka ga wasannin da idonsu su fara magana. Akwai wani tsohon malamin makaranta da yakan zauna da mu, wanda ya kalli gasar 1982 a talabijin, kuma idan yaro ya katse shi yakan ce, "Ɗana, bari in kai aya, sannan ka kawo taka." Kowa yakan amsa da "To, Baba," kuma tun daga nan hayaniya ta ragu a fadar. A kuma kiyayi barin ƙauna ta yanke hukunci. Babu wanda ya kai ni murna ranar da Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta doke Masar da ci 1 da nema a filin Seyni Kountché a 2010, da ƙwallon Moussa Maâzou, har ta kai mu kofin Afirka karon farko a 2012, amma ta faɗi wasanninta uku a Gabon, don haka wurinta yana cikin wata hira dabam da za mu yi da alfahari.

Ni dai Hangari ta 1954 nake karewa idan ana zancen duniya, Kwaddebuwa ta 2012 kuma idan ana zancen Afirka. Baba bai yarda da ta biyun ba. Yana riƙe da Sanagal ta 2002, wadda Kamaru ta doke a fanareti a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Bamako, sannan bayan wata huɗu ta ci Faransa 1 da nema ta kai wasan kwata fainal a kofin duniya, kuma mun yi alkawarin kallon wasanta da Turkiyya gaba ɗayansa ranar Asabar bayan sallar isha'i.