Idan Abokinka Na Fama Da Ciwon Fankiriyas Kuma Ya Kamu Da Maganin Zogi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ciwon fankiriyas mai daɗewa, wato kumburin wannan naman da ke bayan tumbi mai fitar da insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini), ciwo ne mai azaba, daga ciki har gadon baya. Shi ya sa wasu kan fara da tiramadol ko allurar fentazosin bisa umarnin likita, daga baya jiki ya saba, su kasa bari.

Don Allah kada ka ƙwace masa maganin rana ɗaya. Yankewa farat ɗaya na kawo amai, zawo, rawar jiki da rashin barci. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Ka raka shi asibiti, likita ɗaya ya riƙa rubuta masa magani, a daina sayen na kemis. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna na kula da masu matsalar ƙwaya, zuwa can ba hauka ba ne. Ciwon cikin kuma a nemi likitan hanji a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibitin Shika da ke Zariya.

Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a rage maiƙo: ƙosai, soyayyen nama, man shanu. Giya da sigari a bar su gaba ɗaya. A riƙa gwada suga, don ciwon fankiriyas kan jawo ciwon suga.

Kada ka kira shi ɗan ƙwaya, kunya ke sa mutum ɓoyewa. In ka ga numfashinsa ya yi ƙasa, ana tashinsa ba ya farkawa, ku garzaya asibiti nan take.