Yadda Ake Shan Haɗin Magunguna na Tarin Fuka Mai Bijire wa Magani

Tarin fuka na daga cikin cututtukan da suka fara nuna wa likitoci cewa magani ɗaya ba ya isa. Lokacin da aka gwada streptomycin shi kaɗai a Ingila a shekarun 1940, marasa lafiya sun samu sauƙi da farko, amma cikin 'yan watanni ƙwayoyin cutar suka daina jin maganin. Dalili shi ne, a cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke huhun mutum ba a rasa 'yan ƙalilan da halittarsu ta sauya, kuma idan maganin ya kashe sauran, su ne za su hayayyafa su cike gurbin. Idan aka haɗa magunguna uku ko huɗu masu aiki ta hanyoyi daban-daban, da wuya a samu ƙwayar da za ta tsallake su duka.

Abu na farko shi ne gwaji. Duk wanda tari ya kai masa mako biyu ya je asibitin da ake kula da tarin fuka ya ba da kaki, a auna da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Cikin kimanin awa biyu take nuna ko akwai cutar, da kuma ko ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. A Najeriya gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kada a tsaya a kemis a sayi haɗin ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, domin sau da yawa akan samu ciprofloxacin ko danginsa a ciki, wanda zai lafar da tarin na ɗan lokaci, ya kuma koya wa cutar jure wa maganin da za a buƙata nan gaba.

Idan gwaji ya nuna bijirewa, a tambayi likita game da haɗin da ake kira BPaLM, wato bedaquiline da pretomanid da linezolid da moxifloxacin, wanda hukumar ta ba da shawarar amfani da shi a 2022. Wata shida ake sha, duka ta baki. A da, mai irin wannan tari kan shafe wata 18 zuwa 24 yana shan magani, ga allurai irin su kanamycin da suka kurumta mutane da dama. Ana ba da sabon haɗin ga 'yan shekara 14 zuwa sama, amma mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa wa likita tun farko, domin akwai wani tsarin da ya fi dacewa da ita.

A sha ƙwayoyin gaba ɗaya, a lokaci guda kullum, bayan an ci abinci, saboda bedaquiline ya fi shiga jiki da abinci. Cire ƙwaya ɗaya don tana tayar da zuciya haɗari ne babba, domin ragowar ba su da ƙarfin tare cutar kamar yadda aka tsara.

Linezolid ne ya fi buƙatar sa ido. Yana iya rage jini, ya sa tafin ƙafa zafi ko a ji kamar ana soka allura, wani lokaci ma gani ya dushe. Da zarar an ji haka a koma asibiti, likita ne zai rage adadin ko ya dakatar da shi. A nan iyalai da yawa ke yin kuskure da kyakkyawar niyya: sun ga mara lafiya ya ɗashe, sai su sayo masa maganin ƙarin jini, alhali sinadarin ƙarfen da ke cikinsa, haka nan maganin ƙwannafi, suna hana moxifloxacin shiga jiki idan an sha su tare. A nemi likita ya faɗi tazarar awannin da za a bari tsakani.

Kada a tsallake gwajin bugun zuciya da na jini da na kaki da za a riƙa yi a kai a kai, ko da tari ya tsaya kuma jiki ya murmure tun a wata na biyu. Mai shirin tafiya ci-rani ko fatauci ya sanar da ma'aikatan lafiya kafin ya tashi, su ba shi takardar da zai ci gaba da karɓar maganinsa a garin da ya nufa.