Darasi na 7: Zaɓen ƙarfen zamiya na durowa da ƙofar kabad

Durowar da ke cijewa in an ja ta, sau da yawa ba laifin katako ba ne. Ƙarafan nan biyu da take zamewa a kansu ne ba su dace da ita ba. Don haka kafin ku saya, ku ɗauko tef ku yi awo.

Ku fara da zurfin kabad, daga baki zuwa bangon baya. Tsawon ƙarafan yana hawa ne biyar-biyar: santimita 30, 35, 40, 45, 50. Idan zurfin santimita 48 ne, ku ɗauki mai 45. Mai 50 ba zai shiga ba.

Sai faɗi, kuma nan aka fi yin kuskure. Ƙarfe mai boris, wato mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki, wanda ake ɗaurawa a gefe, yana cin rabin inci, wato milimita 12.7, a kowane ɓangare. Ke nan durowa za ta gaza raminta da kamar milimita 26. Rami mai faɗin santimita 60, durowarsa 57.4. In ta yi faɗi, sai an sa ƙarfi kafin ta shiga. In ta tsuke, ta riƙa girgiɗi har ƙwallayen boris su zube. Milimita 2 kacal ya isa ya ɓata aikin yini guda.

Akwai mai tayar roba, galibi farin fenti gare shi. Ya fi sauƙin ɗaurawa, ya wadatar wa tufafi da takardu. Sai dai durowar ba ta fitowa duka, abin da ke ƙurya sai an lalubo shi da hannu. Mai boris kuwa akwai wanda ke fito da ita gaba ɗaya, da yawansu suna ɗaukar kilo 35 zuwa 45. Ku duba jikin kwalin, ana rubuta nauyin. Ni dai in durowar tukwane ce ko ta kayan aiki, mai boris nake zaɓa. Gidan da ke da yara kuma, mai rufewa a hankali yana kare yatsu.

Ƙofar zamiya ba ta cin fili kamar mai hinji, amma rabin kabad kawai take buɗewa a lokaci guda. Wata tayoyinta na ƙasa, ƙura na taruwa a kwarin layinta, sai ana sharewa. Wata a rataye take daga sama, ita kuma tana son saman kabad mai ƙwari. Ku bar ƙofofin biyu su hau juna da santimita 2 ko 3, kada a ga kafa a tsakani. Wuri mai danshi, ku nemi ƙarfen da ba ya tsatsa.

Aikin yi: Ramin durowa yana da faɗin santimita 45, zurfinsa 42. Ku rubuta faɗin durowar da tsawon ƙarfe mai boris da za ku saya.